Safar Hannun Kawu a Shingen Filin Kaka

Abin da na fara gani da muka shiga gidan Kaka shi ne kujerarsa mai ninkewa. Tana jingine a bayan ƙofa inda take zama kullum, ƙafafunta da sauran jar ƙasar filin ƙwallo, amma an jibga mata rigunan baƙi da wata ledar dabino. Da yana da rai ko hannu ba wanda ya isa ya ɗora mata. Na tsaya ina kallonta har Inna ta zungure ni ta ce in cire takalmi in wuce ɗakin mata.

Kaka shi ne ya haifi Inna. Ya rasu a ƙarshen babban hutu, a wani asibiti a Lyon, bayan ya sha jinya. Mu muna zaune a Sevran, a gefen Paris. Da aka bugo waya muka kama jirgin ƙasa na safe, ni da Inna da Baba. Kawu, ƙanen Inna, ya fito daga unguwar Belleville ta Paris ya same mu a tasha. Duk tsawon hanyar takardar jikin gorar ruwansa ya yi ta ɓarewa da farce, yana tara gutsattsarin a kan gwiwarsa.

Ina rubuta wannan ne don na ji yadda ake faɗin Kaka a kwanakin nan: mutumin kirki, mutumin jama'a. Na ga in aka ci gaba a haka, nan da baɗi ba wanda zai gane shi. Ni ba na so a manta da shi. Ba na kuma so a musanya mana shi da wani tsoho mai daɗin baki da ba mu taɓa yi ba.

A ɗakin mata an shimfiɗa darduma har gindin taga. Daga tagar, can ƙasa tsakanin dogayen benayen unguwar Minguettes, ana hango filin ƙwallon.

"Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta," in ji Hajiyar da ke zaune a ƙasan benensu, tana jan carbi. "Amma baki! Allah ya yafe masa bakin nan."

"Amin," in ji Goggo, ƙanwar Kaka. "Ko likitan da ke duba shi bai tsira ba. Hawainiya yake ce masa, a gabansa, bawan Allah yana ta murmushi bai san me ake faɗa ba."

"Ni fa shekara da shekaru Buhu yake ce mini," in ji Hajiya. "Har mijina ya ɗauka."

Suka kwashe da dariya suna rufe baki da mayafi, sai suka tuna inda suke suka koma salati. Daidai lokacin Kawu ya gitta ta bakin ƙofa zai shiga falon maza. Hajiya ta ɗaga kai.

"A'a, Rariya! Ka iso? Ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, Hajiya," in ji Kawu.

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ina jin ta daɗe da manta sunansa na yanka. Amma Kawu bai sake biyowa ta wannan ƙofar ba ranar.

Kaka ya zo Faransa daga Maraɗi yana saurayi. Karatu ya kawo shi, ya ƙare yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a har ya yi ritaya. Amma a unguwa ba wanda zai ce maka ma'aikacin jami'a ne. Cewa za a yi mai ƙwallon ɗalibai. Shi ya haɗa ƙungiyar ɗaliban da ke zuwa daga gida, yawancinsu 'yan Nijar, da 'yan Najeriya ɗaya-ɗaya, suna buga gasar jami'o'in yankin. Shi ya yi ta sintiri a meri, ofishin magajin gari, har aka ba su fili duk ranar Lahadi da safe.

Ɗalibai suna ce wa wurin sitad, amma ba wani babban wuri ba ne. Jar tsakuwa ce, babu ciyawa, wanda ya faɗi sai ya tashi da gwiwa a ɗaye. Akwai bencin siminti, da ɗakin canza kaya mai warin jiƙaƙƙiyar safa, da dogon shingen waya a bayan raga don kada ƙwallo ta faɗa hanyar taram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari. Makullin ɗakin a wuyan Kaka yake kwana, a jikin igiyar takalmi. Ranar wasa shi yake jan layi da farar hoda da kansa, ba ya yarda wani ya ja, wai hannun 'yan zamani a karkace yake. In ya gama sai ya buɗe kujerarsa daidai tsakiyar layin gefe, ya zauna, ya fara.

Da Hausa yake zagi, don kada alƙalin wasa ya ji ya kore shi. Kuma da fara'a yake yi, har Turawan da ke wucewa da karnukansu suna ɗauka addu'a yake yi wa yara.

"Kai, Dogo! Gudu kake ko rakiyar gawa?"

"Mi na wanga? Uwarka na can tana hwaɗa wa mutane ɗanta na Turai. Da ta ga wanga bugu da ta ce ba ta san ka ba."

"Tahi gida ka yi noma, ko gero ya ji tausayinka!"

Duk ɗalibin da ya zo, a makonsa na farko Kaka zai raɗa masa suna, kuma da sunan zai gama karatu. A kwanakin makokin nan na ɗauki waya sau da yawa. Manyan mutane ne ke bugowa daga Yamai da Damagaram, wasu likitoci, wasu malaman jami'a, sai ka ji murya mai kauri ta ce, "Ki ce wa mutanen gida Tukunya ne ke gaisuwa." Wani ya ce Ƙafar Agwagwa. Wani yana kuka ya ce Bazawara.

Ni Bebiya ce. Tun ina ƙarama in muka zo hutu nakan ɓuya a bayan zanen Inna, sai Kaka ya leƙo ya ce, "Bebiya ta iso? To, yau gida ya cika da hira." Kowa ya yi dariya, ni kuwa in ji kamar in shige bango. Amma shi kaɗai ne ya taɓa samo wa shiruna aiki. Yakan tafi da ni fili, ya shimfiɗa mini rigarsa ta sanyi a ƙasa kusa da kujera, ya ce, "Tunda ba ki magana, yi kallo. Wancan mai jan takalmi, da wace ƙahwa yake bugu?" In zura ido, in na gane sai in taɓa masa gwiwar hagu ko ta dama, shi kuma ya daka wa yaransa tsawa. Ranar da na faɗi daidai, hularsa ya cire ya kifa mini a ka. Ranar da na kuskure aka ci su, ya dube ni ya ce, "Bebiya kuma makauniya. Allah ya haɗa miki." A hanyar gida ya tsaya ya saya mini burodi mai cakulan, ya gutsiri bakinsa ya miƙo mini sauran. Na ci ina hawaye. Har yau ban san wanne zan riƙe ba, maganar ko burodin.

Abin da ya shiga tsakaninsa da Kawu ya faru ina ƙarama sosai, amma ina wurin. Lokacin Kawu yana jami'a, shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar. Wasan ƙarshe ne na shekara, in suka tsira ko da kunnen doki za su hau rukuni na gaba. Ana dab da tashi aka bugo wata ƙwallo mara ƙarfi. Ta daki tsakuwa, ta canza hanya, ta wuce tsakanin ƙafafun Kawu a hankali ta shiga raga.

Kaka bai yi zagi ba. Ya jira aka busa tashi, ya ninke kujerarsa, ya ratsa fili da ita har gaban Kawu.

"Miƙo hannu."

Kawu, ƙaton mutum mai gemu, ya miƙa hannu biyu kamar yaron da za a yanke wa farce. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar maɗaurin safar hannun da Kaka ya ɓalle, ƙyat, sannan ɗayar, ƙyat. Ya zagaya bayan raga, ya buɗe kujera ya hau, ya ɗaure safar biyu can sama a jikin shinge da wayar gyaran raga. Ya sauko ya karkaɗe hannu.

"Ku duba da kyau," ya ce wa jama'a. "Na haihi rariya, na sa ta tsaron gida. Laihina ne, ba nashi ba."

A kan bencin siminti akwai yarinyar da Kawu ke nema, da ƙawayenta. Wani ya fara dariya daga baya, sai kowa ya ɗauka. Kawu ya fita daga fili da takalmin ƙwallo a ƙafarsa, ina jin ƙusoshin suna ƙwas-ƙwas a kan kwalta har ya sha kwana. Da ya gama karatu ya koma Paris. Auren bai yiwu ba, ban sani ba ko saboda wannan ne. Abin da na sani, in ana kallon ƙwallo a gidanmu Kawu ya zo, kicin yake shiga ya kama wanke-wanke.

Safar kuwa ba a taɓa kwance ta ba. Kaka ya mai da ita al'ada. Duk farkon shekarar karatu, in sababbin ɗalibai sun iso daga gida, kafin su taɓa ƙwallo sai ya kai su bayan raga ya nuna musu sama.

"Waɗancan na ɗana ne, na cikina. Ku yi tunanin abin da zan yi wa ɗan wani."

A da koriya ce shar. Rana da dusar ƙanƙara suka cinye launin ta koma toka-toka, yatsun suka ƙandare suka lanƙwashe ciki. Tsuntsaye sun tsattsage soson ɗaya. A hankali ɗalibai suka fara taɓa shingen ƙarƙashinta kafin kowane wasan gida, wai tana kawo sa'a.

A farkon hutun nan da jikin Kaka ya yi tsanani, Inna ta matsa wa Kawu har ya bi mu asibiti. Kaka ya rame, wuyansa kamar na kaza, amma makullin yana nan a igiyarsa. Kawu ya gaishe shi, ya tsaya daga ƙarshen gado. Kaka ya lalubi lemo ɗaya a kan ɗan teburin gefensa, ba zato ya wurgo shi. Kawu ya cafe da hannu ɗaya, bai ma san ya yi ba. Na ga fuskar Inna ta washe. Kaka ya daɗe yana kallon hannun.

"Yanzu ka kama," ya ce. "Bayan an tashi wasa."

Ya juya fuskarsa bango. Kawu ya ajiye lemon a inda yake, a hankali, ya fita. Maganarsu ta ƙarshe kenan a duniya.

Ranar sadakar uku falo ya cika har baranda. Aka ba ni tiren shayi in miƙa daga bakin ƙofa. Bayan addu'a liman ya gyara murya ya ce, "Jama'a, Malam ya zauna da mu, kowa ya san harshensa. Yau ba ya iya neman gafarar kowa. Duk wanda ya ɓata wa, ya yafe masa saboda Allah."

"Mun yafe! Mun yafe!" falo ya ɗauka. Har da masu murmushi.

Ni bakin Kawu nake kallo. Bai motsa ba. Na juya na ga Inna a bayana, ita ma shi take kallo.

Ta tare shi a kicin, ina tsugune ina ɗauraye kofuna.

"Ɗan'uwana, kalma biyu ce fa."

"Yaya, bar ni."

"Yana can kwance shi kaɗai da haƙƙinka a wuyansa. Ka san Allah ba ya yafe haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe."

"Na sani. Shi ma ya sani. Ya fi ni karatu."

"Ubanka ne!"

"Ai kullum Lahadi yana tuna wa mutane hakan."

"Ko a zuciya ka faɗa, ba sai na ji ba."

"Ba zan yi miki ƙarya a gidan mutuwa ba, Yaya."

Inna ta juya ta buɗe tukunyar shinkafa, ta tsaya a cikin tururin don kada a ga fuskarta. Tun ranar da Kaka ya rasu ba ta iya cin abinci. Ta ce da ta kai loma baki sai ta tuna ƙuncin kabari.

Da la'asar ɗaliban ƙungiya suka shigo a jere, duk da farar jallabiya da takalman gudu. Kapiten ɗinsu, wani siririn Badamagare mai tabarau, ya durƙusa gaban Kawu ya yi doguwar gaisuwa, ya yi ta'aziyya, sannan ya gyara zama. Tonton suke ce masa, kawu kenan da Faransanci.

"Tonton, ka yi haƙuri, mun san ba lokacinsa ba ne, amma an kusa fara gasa."

Kawu ya dube shi, shi kuwa ya ɗauka izini ne.

"Bana akwai wuya, akwai kuma fata. Mai tsaron gidanmu ya gama karatu ya koma Yamai. Masu tsaron baya biyu sun samu aiki a Paris. Amma gaba, alhamdulillahi. Wani yaro ya iso daga Tawa, wallahi in ya zura ba mai kamo shi. Ga ɗan Jos ɗinmu a tsakiya, ƙafar hagunsa kamar da hannu yake ajiye ƙwallo. In muka toshe baya, bana za mu hau. Abin da Malam ya mutu yana jira kenan."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Kawu.

"Sai maganar sitad. Meri za ta kwashe tsakuwar ta shimfiɗa ciyawar roba, sabon shinge, sababbin fitilu. Wasannin farko duk a waje za mu buga, sai tsakiyar shekara mu dawo gida. Amma sun ce sai da babba da zai riƙe makulli. Muka ce wa ya fi ɗan Malam?"

"Ina Paris."

"Jirgi ne kawai, Tonton." Ya gyara tabarau, fuskarsa cike da ladabi. "Kuma kada ka damu da maganar safar nan. Mun riga mun yi shawara. Kafin ma'aikata su cire shinge za mu kwance ta da kanmu, mu sa ta a gilashi, mu rataye a sabon ɗakin canza kaya. Hoton Malam a sama, a ƙasa mu rubuta Rariya. Don na baya su san tarihin gida."

"Madalla!" in ji wani dattijo abokin Kaka. "Haka ake riƙon amana. Allah ya yi muku albarka."

"Amin, amin," in ji falo.

Kawu ya yi dariya. Ban taɓa jin ta a bakinsa ba, amma na san ta. Gajeriya ce, ta hanci, irin wadda Kaka ke yi kafin ya raɗa wa mutum suna.

"Ku sa gilashi mai kauri," ya ce. "Kada ta zube."

Suka yi dariya su ma, suna murna ɗan Malam ya gaji barkwancin Malam. Kawu ya tashi, ya tsallake ƙafafun mutane, ya sa takalmi ya fita.

Na koma tagar ɗakin mata. Can na hango shi ƙarami a ƙasa, ya ratsa tsakanin motoci ya nufi fili. Na je bayan ƙofa na kwashe rigunan baƙi ɗaya bayan ɗaya na ajiye a ƙasa, na ɗora ledar dabino a kai. A aljihun yadin kujerar akwai usur ɗin Kaka da filayar da yake gyaran raga da ita. Na rungumi kujerar na fita. Ba wanda ya tambaye ni ina za ni. Ba a saba tambayata ba.

Ruwan sama ya wanke layin da Kaka ya ja na ƙarshe, sai ɗan fari-fari a kusurwa. An riga an jibge ƙarafan ma'aikata kusa da bencin siminti. Kawu yana tsaye a bayan raga, hannu a aljihu, kansa a ɗage. Ya ji tafiyata a kan tsakuwa, bai juyo ba.

"Ita ta aiko ki?"

Na girgiza kai, ko da yake ba ya kallona.

"Kada ki ce mini in yafe."

Ban ce ba. Taram ya wuce, shingen ya yi rawa, safar ma ta motsa.

"Shi ya saya mini su," in ji Kawu. "Ranar da na shiga jami'a. Da kansa ya sa mini a cikin shago, ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba." Ya ci gaba da kallon safar. "Sau ɗaya ya faɗa. Ba kowa a wurin."

Ban san ko kwance tsohuwar safa yana rage wa mamaci nauyi ba, liman bai faɗa ba. Abin da na sani, in ta shiga gilashi, duk shekara za a kawo sababbin yara daga gida a nuna musu, su yi dariya, Kaka yana kwance ana ƙara masa. Kawu ba zai taɓa furta kalmomin nan biyu ba, Inna kuma za ta ci gaba da ajiye cokali. Allah ya jiƙan Kaka. Allah ya sassauta masa fiye da yadda ya sassauta wa kowa, ya duba burodin da hular da layin da ya yi ta ja wa 'ya'yan mutane, kada ya duba bakin.

Na buɗe kujerar a gindin shinge, daidai inda ya taɓa kafa ta. Na ciro filayar. Da na ɗora ƙafa ɗaya sai kujerar ta karkace, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashinta. Wayar tana can sama, ta yi tsatsa, sai na miƙe a kan yatsun ƙafa kafin in kai.

"Kawu," na ce.

Ya juyo ya dube ni, ya dubi filayar, ya dubi kujerar ubansa.

"Kawu, riƙe mini kujerar."